Ƙawancenmu na yamma, ɓarawonmu na kudu

Daren Asabar a fadarmu gardama ta yi zafi har shayi na ukku ya huce ba wanda ya kula. Wani ƙanenmu ne ɗan jami'a ya tada ta, ya zo da waya yana nuna muna bidiyon faretin soja yana cewa AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, yanzu ita ce OTAN ɗinmu, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ukku, magana ta ƙare. Telan unguwarmu kuma ya ce ina, tunda munka sallami Faransa da Amurka munka fice CEDEAO, wato ECOWAS, ai mun zama marayu. Kowa na ɗaga murya. Kawuna da ya zo daga wani ƙauye can gefen Gabi don ganin likitan ido, tun farko yana kishingiɗe bisa tabarma bai ce uffan ba, sai ya tashi zaune ya ce: "Ku ƴan boko in tambaye ku. Wagga aba da kuke ta hwaɗi, AES take ko mi, in anka zo mini da dare bisa babur anka kore shanun huɗa, ita za ni kira ko wa?" Munka yi dariya. Shi bai yi ba.

Tambayar ta kwana a raina, shi ya sa nike son in warware zancen a nan yadda na fahimce shi. Ni a ganina ƙawancen soja riga ce, kuma telan da ya ɗinka ta da tsoron mai ita ya auna. In kana son ka san inda wani ƙawance zai kai soja da kuɗɗi, bar karanta sanarwar bayan taro, ka tambayi mi ya hana shugabannin barci ranar da sunka sa hannu.

Mu fara da OTAN, wadda gidajen radiyo na Hausa ke kira NATO, tunda ita ake kafa misali da ita. A 1949 ƙasashe 12 sunka kafa ta a Washinton, yau 32 ne bayan shigar Finlan a 2023 da Suwidin a 2024. Abin da sunka ji tsoro ɗaya ne, tankokin Tarayyar Sobiyet su kwararo cikin Turai ta Yamma. Don haka sunka rubuta aya ta 5, wadda kowa ya haddace, cewa hari bisa ɗaya hari ne bisa duka. To amma ka lura, wagga aya don ƙasa anka yi ta, ƙasa mai tuta da babban birni da shugaba wanda zai zauna ya yi lissafi ya ce in na taɓa wanga ƙarami manya za su taso mini, bari in haƙura. Amfaninta a tsoratarwa yake tun kafin a yi harbi. Sau ɗaya tak anka taɓa aiki da ita, bayan harin 11 ga Satumba 2001, kuma kowa ya ga yadda shekara ashirin na Afganistan sunka ƙare a Agustan 2021, mutane na rataye jikin jirgi a filin Kabul. Mutumen da ke kwana a daji, wanda ba shi da fada ba shi da baitulmali, mi za ka tsorata shi da shi?

Su ma Turawan sun san haka, shi ya sa abin da suke kira "maƙwabtan kudu" wata dabara daban sunka yi mishi. Kudu a wurinsu ita ce Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da Sahel, wato mu maƙwabcin maƙwabci ne. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa ma naka ruwa, kuma in ka duba da kyau tsarin nasu ke nan kaf: a shafa ma gemun Turai ruwa. Ba su alkawarin zuwa su mutu dominka. Horo suke badawa, da kayan aiki, da musayar bayanan sirri, da taruka. Tun 1994 suna da zauren tattaunawa da ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, Muritaniya ce kaɗai ƙasar Sahel a ciki. A 2017 sunka buɗe wata cibiya a Napoli ta Italiya mai sa ido bisa kudu. A taron Madrid na Yunin 2022 sunka sa sunan Sahel cikin babbar takardar manufarsu, sannan a taron Washinton na Yulin 2024 sunka amince da wani tsarin aiki na kudu har anka naɗa wakili na musamman, ɗan Sifaniya Javier Colomina. Sifaniya da Italiya su ne ke ta matsawa a dubi kudu don su jiragen ruwan baƙin haure ke sauka ma, su Polan da ƙasashen Baltik kuwa idonsu na bisa Rasha, kuma tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022 kowa ya san ɓangaren da kuɗɗi sunka fi tafiya.

Bari in tsaya in gyara wani abu da ake yawan cakuɗawa a fada. Rundunar Barkhane da ta yi yaƙi a Sahel ba ta OTAN ba ce, ta Faransa ce. Sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas na Amurka ne. EUCAP da ta horar da ƴan sanda da jandarma ta Tarayyar Turai ce. Mu dai duk farar fata mai kaki sunanshi ɗaya, amma kowa da aljihunshi da abin da ya kawo shi. Kuma ga abin dariya, Turkiyya da ta sayar muna da jiragen Bayraktar ai memba ce ta OTAN tun 1952, Italiya ma memba ce, kuma da anka sallami Faransa a Disamban 2023 da Amurka a 2024 sojojin Italiya sun ci gaba da zama a Yamai. Ke nan ko cikin ƙawancen ba baki ɗaya ake magana ba.

Babban wurin da OTAN ta shigo Afirka da sunanta da jiragenta shi ne Libiya, kuma har yau muna biyan bashin. A watan Maris 2011 kwamitin tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 1973 na kare farar hula, OTAN ta karɓi jagoranci, anka yi wata bakwai ana ruwan bama-bamai, ranar 20 ga Oktoba anka kashe Gaddafi a Sirte, ƙarshen wata sunka naɗe tabarma sunka tafi. Mahamadou Issoufou tun a watan Mayu na shekarar, a taron Deauville na Faransa, ya gaya musu a gabansu cewa maganin nan zai fi cutar muni. Ba a saurare shi ba. Rumbunan makamai sunka buɗe, mayaƙan da ke ƙarƙashin Gaddafi sunka dawo gida da kayansu, Janairun 2012 tawaye ya tashi a arewacin Mali, Maris anka yi juyin mulki a Bamako, Janairun 2013 Faransa ta shigo Mali da rundunar Serval, Mayun 2013 anka kai hari Agadas da Arlit rana ɗaya. Obama da bakinshi ya amsa a 2016 cewa rashin shirya ma abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskure mafi girma na mulkinshi. To ya amsa, sai mi? Shi ya koma gida, mu ke da iyaka da Libiya.

Wanda ke son ya ga yadda tsoron wani ke zama doka a ƙasar wani, ya dubi dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure. Turai na tsoron masu ƙetare teku, anka tsare hanyar tun daga Agadas, anka kama motoci anka ɗaure direbobi, garin da ke ci da wagga sana'a ya shiga wani hali. A Nuwamban 2023 sojoji sunka soke ta. Ko ka yarda da sokewar ko ba ka yarda ba, abin lura shi ne iyakar Turai a lokacin ta sauko har tsakiyar Nijar.

Yanzu mu dawo namu na gida. G5 Sahel an kafa ta a Nuwakshot a Fabrairun 2014, Muritaniya da Mali da Burkina da Nijar da Cadi, a 2017 anka yi mata rundunar haɗin gwiwa ta soja 5000. A takarda tunanin mai kyau ne ƙwarai, kuma abin da ya fi burge ni a ciki shi ne izinin bin sawu: sojan wata ƙasa na iya bin maharan har kilomita 50 cikin ƙasar maƙwabta, daga baya anka ƙara. Riƙe wanga batu, za mu dawo kanshi. Abin da ya kashe ta kuɗɗi ne. A Fabrairun 2018 anka yi taron gidauniya a Burusel anka yi alkawarin sama da Yuro miliyan 400, amma alkawari daban shigowar kuɗɗi daban, kayan aiki na zuwa a makare, Amurka kuma ta ƙi yarda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyin rundunar kai tsaye. A Yunin 2018 anka kai ma hedikwatarta hari a Sevare sai da anka maida ta Bamako. Rundunar na nan anka kashe muna soja 71 a Inates a Disamban 2019, wata ɗaya bayan haka 89 a Shinagodar. Mali ta fice a Mayun 2022 don an hana ta karɓar shugabancin karɓa-karɓa, Nijar da Burkina sunka bi a Disamban 2023, sauran biyun sunka rufe shago. Wanda wani ke zuba ma mai a mota ba shi ke zaɓen hanya ba.

Ta tafkin Cadi ta fi ta aiki, a gaskiya. Da Boko Haram ta afka ma Bosso da Difa a Fabrairun 2015, anka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Njamena, kowace ƙasa da yankinta, namu a Difa. A Maris na shekarar sojojin Nijar da na Cadi sunka ƙetare sunka ƙwato Damasak, garin Najeriya. Ka ji fa, sojanmu cikin Najeriya yana faɗa da maƙiyi ɗaya. Dalilin da ya sa ta yi tasiri shi ne duk waɗanda wutar ta shafa suna ciki, gaba da baya, ba inda ɗan ta'adda zai gudu ya ce ya tsira. A ƙarshen Maris 2025 Nijar ta fice daga cikinta, ta ce za ta maida hankali wajen gadin wuraren man fetur.

Sai CEDEAO. Wagga kam ba labari anka ba mu ba. Juyin mulki 26 ga Yuli 2023, ranar 30 anka ba da wa'adin kwana bakwai a maida Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi, 10 ga Agusta a Abuja anka ce a shirya rundunar ko-ta-kwana. Kafin soja ya motsa takunkumi ya riga shi isowa. Layin kuran da ke zo muna daga Katsina ta Gazawa anka yanke, na tuna muna kwana waje bisa tabarma sauro na biki, mai ƙanƙara ya zama Alhaji, wayoyi jere a shagon mai caji kamar kifi a kasuwa. Na je Dan Isa cikin makon na ga manyan motoci tsaye layi, wani direba na zaune ƙarƙashin motarshi yana dafa shayi, albasa na ruɓewa a bayanshi har warin na korar mutane, ya ce mini "Malam, ni matata ƴar Jibiya ce, in anka fara harbin ta ina za ni tsaya?" Kuma tambayar tashi ita ta hana yaƙin. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi amincewa, sanatocin Arewa sunka fito fili, Sarki Sanusi ya je Yamai, malamai sunka je, don kowa ya san ta Sakkwato da Katsina da Jigawa za a bi, bisa gonakin ƴan'uwa. Sai 24 ga Fabrairu 2024 anka ɗage takunkumin, a Maris anka buɗe iyaka.

To a cikin wanga tsoro anka haifi AES, kuma wanda bai gane haka ba ba zai gane siffarta ba. Tun 31 ga Yuli 2023 Mali da Burkina sunka ce taɓa Nijar shelar yaƙi ce a kansu. Ranar 16 ga Satumba anka sa hannu bisa yarjejeniyar Liptako-Gurma, aya ta 6 ta ce duk wanda ya taɓa ƴancin ɗaya ko ƙasarta ya taɓa sauran, kuma wajibi ne a kai ɗauki har da ƙarfin soja. Wato aya ta 5 ta OTAN ce anka sa ma hula da rawani. Kuma a nan ƙanenmu ɗan jami'a yana da gaskiya, ta yi aikin da anka yi ta dominshi, don wanda ake tsorata ɗin ƙasashe ne masu lissafi, kuma sun yi lissafin. Daga nan 28 ga Janairu 2024 anka sanar da ficewa CEDEAO, 6 ga Yuli a Yamai anka zama tarayya, a Janairun 2025 ministan tsaron Nijar Janar Salifou Mody ya sanar da rundunar haɗaka ta soja 5000, a Maris anka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari bisa kayan da ke shigowa daga waje don kada a koma bara irin ta G5. Da Aljeriya ta harbo jirgin Mali marar matuƙi a Tinzawaten farkon Afrilun 2025 ƙasashen ukku tare sunka kira jakadunsu gida. Da ƴan JNIM masu alaƙa da Alƙa'ida sunka datse ma Bamako hanyar mai a ƙarshen 2025, daga Nijar anka tura ayarin tankoki.

Ba zan ce ba a yi komi ba, ƙarya ne. Sojojin ƙasashe ukku da ke iya bin sawu a yankin iyakoki ukku ba tare da jiran izinin Paris ko Burusel ba, wanga ci gaba ne. Amma kuma mutanen Tillaberi ba su huta ba, a Maris 2025 an kashe masallata 44 a Fambita ranar Juma'a cikin azumi. Soja 5000 na G5 ba su isa ba, ban ga dalilin da zai sa 5000 na AES su isa don kawai tutar ta sauya ba, sai in abin da ke bayansu ya sauya, wato jirage da albashi da bayanan sirri da kuma yardar mutanen ƙauye. Rasha da masu horarwarta sunka sauka Yamai a Afrilun 2024 ita ma da nata tsoron da nata cinikin ta zo, kuma an ga yadda anka kashe mayaƙanta na Wagner da dama a Tinzawaten a Yulin 2024. Ba siyasa nike ba, lissafi ne.

Yanzu buɗe taswira ka sa yatsa bisa Maradi. Daga nan zuwa Yamai kilomita ɗari shidda da wani abu, kafin ma ka fara zancen Tera ko Ayoru. Daga nan zuwa Katsina ko ɗari bai cika ba. Sunan yarjejeniyar ma ya gaya maka inda idonta yake, Liptako da Gurma, can yamma. Mu kuwa wanda ke hana Madarunfa da Gabi da Safo da Gidan Rumji da Tibiri barci daga kudu yake zuwa. Aya ta 4 ta yarjejeniyar ta ambaci yaƙi da ta'addanci da gungun masu laifi a cikin farfajiyar ƙasashen ukku, to madalla, amma namu ɓarawon gidanshi na wajen farfajiyar. Yana kwana a dazuzzukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, ya bi ta Baban Rafi ko wata ɓarauniyar hanya ya shigo da dare, kafin asuba ya koma. Sojan Mali ko na Burkina ba abin da zai yi maka a nan ko da ya so.

Kuma wanga maƙiyi daban yake da na Tillaberi, kodayake ana ta tsoron ranar da za su haɗe. Ba ya wa'azi, ba ya neman kafa daula, kasuwa yake. Ya kore shanu, ya ɗauki matar mai hali ko ɗanshi, ya kira waya a yi ciniki kamar ana sayen rago, wani lokaci har da katin waya da babur cikin kuɗin fansa. Yana da infoma cikin gari wanda ya san wa ya sai da sa ranar kasuwa. Yana da mai kai mishi fetur cikin jarka, da mai kai burodi da ƙwaya, da dillalin da zai ɓatar da shanun sata. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sunka kwararo Gidan Rumji, har anka tsugunar da wasu a Dan Daji Makau da Garin Kaka da Chadakori, nesa da iyaka. Sojojinmu na Farautar Bushiya suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, sau da dama suna ƙwato dabbobi da mutane, kuma ko mutanen ƙauyukan Najeriya na bakin iyaka za su gaya maka sojan Nijar na saurin zuwa. Amma in sunka bi sawu sunka kai layin da Faransa da Ingila sunka ja, can ɓarawo ya fi su gata, shi ba ya tsayawa duwan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne an taɓa kama hanya. A Satumban 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara, Masari da Tambuwal da Matawalle, sun zo nan Maradi sun zauna da gwamna Zakari Oumarou bisa wanga batu. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971 take, ofishinta na Yamai. Amma dubi 2021, da Zamfara da Katsina sunka katse layukan waya sunka rufe kasuwannin dabbobi sunka hana sai da mai a jarka, kowa nashi ya yi, alhali wanda ke bakin iyaka in ya hau tudu yana kama layin Nijar, kuma kasuwa in an rufe ta can akwai wata nan. Ka matse balan-balan ta gefe ɗaya iskar ta koma ɗayan. Bayan juyin mulki kuma amana ta karye. A ƙarshen Agustan 2024 Janar Christopher Musa, babban hafsan Najeriya a lokacin, ya zo Yamai ya gana da takwaranshi Janar Moussa Salaou Barmou anka sa hannu a takarda, munka ce to Alhamdulillahi. A Nuwamba sojan Najeriya ya fito da zancen ƴan bindigar Lakurawa a Tangaza da Gudu da Kebbi, har yana danganta bazuwarsu da tsayawar sintirin haɗin gwiwa. A Disamba Janar Tiani ya yi hira da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro shi ma da Hausa ya musanta. Ka ga ikon Allah, harshe ɗaya, a radiyo ake zance. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo Yamai anka sake gaisawa da takwaranshi Bakary Yaou Sangaré. Kullum gaisuwa, sannan shiru.

Mu Maradawa bai kamata a koya muna zancen ƙawance ba ma. Garin ga da ƙawance ya rayu. Da jihadi ya kori sarakunan Katsina sunka kafa nan, Gobirawa kuma sunka zauna Tibiri, kafaɗa da kafaɗa suke fita yaƙi, har da Abzinawa wani lokaci. A Gawakuke a 1836 Muhammadu Bello ya ci su, Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maradi duk sunka kwanta a fagen, amma sarautun ba su mutu ba, Dan Baskore ya zo daga baya ya yi ta kai hari kudu. Abin da kakanninmu sunka sani shi ne abokin yaƙi wanda doki zai kai gare shi kafin rana ta faɗi ake nema. Yau abin ya juye, waɗanda anka yi ta gwabzawa da su jiya su ne surukai da abokan ciniki, ga layin dogo ana ja daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan tun da Buhari ya aza tubali a Fabrairun 2021, jirgi zai ƙetare iyaka amma soja mai bin ɓarawo ba zai ƙetare ba.

Na san abin da za a ce mini, don ƙanenmu ya faɗa a daren: ta yaya za ka buɗe ma ƙasar da ta yanke maka wuta ta yi maka barazanar yaƙi ƙofa sojanta ya shigo? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Su ma can suna da nasu zargin. Amma ba sai an koma CEDEAO ba, ba sai an bar AES ba. Turkiyya na cikin OTAN ta sayi makamin kakkaɓo jirage wajen Rasha, ba wanda ya kore ta. Abin da iyakar ga ke so ƙarami ne bisa ga abin da ake faɗi a manyan taruka: kwamandan da ke Madarunfa ya zan yana da lambar na Jibiya kuma in ya kira a ɗauka, a yarda da ƴan kilomitoci na bin sawu kamar yadda anka yi a G5 da tafkin Cadi, in za a rufe kasuwar dabbobi ko a hana jarka a yi rana ɗaya gefe biyu, perefe da shugaban ƙaramar hukuma da sarakuna su zan zama ko manya na fushi da juna. Sannan kowace ƙasa ta dubi nata infoma, da nata rikicin makiyayi da manomi da ke haifar da sabbin ƴan bindiga, wanda ba jirgin Bayraktar da zai warware shi.

Da safe na raka kawu tasha bayan an sa mishi magani a ido. Muna jiran mota ta cika na ce Kawu, to yanzu shanun ina kake aje su? Ya ce ɗaya ya sai da tun bara, ɗayan kuma cikin gida yake kwana, a ɗakin da babban ɗanshi ya bari da ya tafi Agadas neman zinariya, an fasa ƙofar an faɗaɗa ta don ƙahon. Ya ce shi da maƙwabtanshi ukku suna kwana bisa karɓa-karɓa, kowa da fitila da usur, kuma akwai wani surukinshi a wani ƙauye can ƙetare wanda in ya ji ƙarar babura sun yi arewa sai ya yi mishi filashin sau biyu. Na ce in ba layi fa? Ya ɗaga kafaɗa, kamasho ya kira Gabi saura mutum ɗaya, ya tattara rigarshi ya shiga.